Maganin Ƙwari da Lafiyar Masu Ci

Inabi yana cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshi a duniya. A Faransa, inda ake matse shi a yi giya, da ƙasar Kudan kusa da Zariya, inda ake nomansa don ci, damuwar ɗaya ce, watau dafin da ke saura a jikin ɓawo.

Wannan damuwa ta shafi manoman Boɗinga da Shagari, ko da yake tumatir da albasa da wake ne nasu. Kowane magani yana da kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da ɗiba, amma galibi da Turanci aka rubuta su a jikin kwalba. Wanda ya yi feshi yau, ya kai tumatir kasuwa jibi, ya sayar wa jama'a cuta bai sani ba.

Sha'anin wake ya fi muni. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan dichlorvos, dafin da ke cikin Sniper. Cikin 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Alhali kuwa buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwaro ba da magani ba, ta hanyar toshe masa iska.

Saboda haka wajibi ne malaman gona su bi ƙauyuka da ranakun kasuwa, su bayyana ƙa'idojin nan da Hausa, a boko da ajami.