Uwar Yaro Mai Lalura Ma Tana Buƙatar Kulawa

Doguwar naƙuda, shawarar jarirai da sanƙarau na cikin abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, har ya makara wajen zama, tafiya ko magana. Galibi uwa ce ke ɗaukar nauyin: goyo, rashin barci, kuɗin asibiti, ga surutun masu ɗora laifin kan aljanu ko kanta.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ba ta shiga ɗaki ta karɓi goyo. Wannan aikin maigida ne da dangi. Likitoci kuma su koya wa iyaye atisayen gida, su tambayi uwa lafiyarta. Gajiyarta kan yaron take ƙarewa.