Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Daga Wayar Girke Zuwa Manhajar Kyauta

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Karewa, Jimeta

Sakatare ya ba ni minti ashirin, ya ce in yi magana a kan kwamfutar ofishinmu. To, na san da yawa daga cikin dattawa za su ce wannan zancen yara ne. Ku yi mini haƙuri kaɗan. Da wayar tarho zan fara, wadda kowa a nan ya sani, sannan mu gangaro kan kwamfuta, don kuwa darasin guda ne.

Waɗanda suka zo garin nan tun zamanin Jihar Gongola, kafin a ƙirƙiro Adamawa a 1991, sun san yadda muke jin labarin gida a da. Ko dai wasiƙa ta gidan waya, ko sallahu ta hannun direban motar Kano, ko kuwa wayar girke. Ita wayar nan ba kowa ke da ita ba. A layinmu nan Karewa gida biyu ne kacal. Lambar Yola 075, ta Kano 064, ta Katsina 065, ta Sakkwato 060. Har yau in an tashe ni daga barci zan kawo su. Wayar tana zaune a falo bisa ɗan tebur, an rufa mata kyalle, an ɗana mata ɗan kwado don kada yara su yi ɓarna. In ta yi ƙara, sai a ce da mai kira ya sake bugowa bayan minti goma, a tura yaro da gudu ya kirawo maƙwabci. Haihuwa, aure, rasuwa, duk ta kan tebur ɗin nan suke shigowa unguwa.

Kamfanin NITEL, wanda gwamnati ta kafa a 1985, shi kaɗai ke riƙe da wannan harka. Zuwa shekarar 2000, layukan wayar girke a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanen ƙasar sun haura miliyan 100. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Kun tuna ana biyan naira 50 a minti ɗaya, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe, har Globacom ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Daga nan fa wayar girke ta fara ja da baya. An sayar da NITEL ga Transcorp a 2006, gwamnati ta soke cinikin a 2009, daga bisani aka sayar da kadarorinsa ga wani kamfani da ya buɗe da sunan ntel a 2016.

Jama'a, a cikinmu akwai wanda ya zauna da iyalinsa suka yi shawara suka ce yau za mu bar wayar girke? Babu. Mun wayi gari ne kawai mun ga ta yi shiru, muka tura ta ƙarƙashin gado. Ba kuka nake yi mata ba, don salula ta fi ta sauƙi nesa ba kusa ba. Yau tsohuwa a ƙauyen Ɗanbatta tana ganin fuskar jikanta da ke Jambutu. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, mun sauya ne ba tare da shiri ba, mun ɗora dukkan kayanmu a kan jaki ɗaya. Ranar da jakin ya durƙusa kuwa mun gani. Daga watan Mayu zuwa Yuli na 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse layukan salula a Adamawa da Borno da Yobe saboda tsaro. Wa ya manta? Ɗan kasuwa bai san ko kayansa sun taso daga Kano ba. In an yi rasuwa, sai mutum ya hau mota ya fita daga jihar kafin ya sanar da dangi. A makonnin nan wanda ya fi kowa daraja a ƙungiyar nan shi ne tsohon ma'ajinmu, saboda shi ne mai littafin nan baƙi da ke ɗauke da sunan kowa, da unguwarsa, da garinsu, da gidan da za a je a can gida in wani abu ya faru.

To, ina littafin nan yake yau? Mun kwashe shi mun zuba a kwamfuta. Rajistar 'yan ƙungiya, kuɗin wata-wata, asusun taimakon marayu, gudummawar jana'iza, takardun filin makarantarmu, duk suna cikin akwati ɗaya a ofis. Bara waccan akwatin nan ya ƙi tashi. Muka kai wa mai gyara, ya ce cuta ce ta shiga, sai an wanke shi tas. Allah ya taimake mu wani yaro ya taɓa kwafe rajistar a filas, amma lissafin wata bakwai ya tafi. Dattawa biyu suka kusa ɓatawa a kan ko an biya ko ba a biya ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma zumunci ne ya kusa tsinkewa, mu kuwa da muke zaune nesa da gida ba mu da jarin da ya fi shi.

Me ya jawo? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Manhajar da ke kan kwamfutar nan, watau tsarin da ke tafiyar da ita da wanda muke rubutu da lissafi da shi, ba saye muka yi ba. Kwafin sata ne, irin wanda ake zuba wa kowa a shago a ba da na goro. Masu ita suna sayar da lasisi ne, mu kuwa muka bi ta bayan gida. Irin wannan kwafi sau da yawa an fasa makullinsa, kuma ta inda aka fasa nan ɓarayi ke shigowa. Bugu da ƙari, ko ta halal ce, tana da wa'adi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ɗan ƙarin lokaci ga wanda ya shiga wani shiri na musamman. Sabuwar, Windows 11, tana bukatar injin zamani, yawancin kwamfutocin gwanjo da muke saya ba su cika sharuɗɗanta ba. Kamfani bai yi laifi ba, kayansa ne, shi ke da ikon cewa ga ranar da zai rufe. Amma ƙofar da aka daina gyara wa sakata haɗari ce. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta irin wannan kafa ta kulle na'urori a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

Saboda haka shawarar da na kawo ita ce mu koma kan manhajar kyauta, wadda asirinta a buɗe yake. Bari in yi bayani, don na hango Alhaji yana murmushi, na san zai ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Gaskiyarka, Alhaji, amma wannan ba banza ba ce. A 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya fara wani aiki da ya kira GNU. Manufarsa ita ce a sami manhajar da mai amfani da ita yake da 'yanci huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya ga dama, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta ya gyara, ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. A 1991, shekarar da aka ba mu Jihar Adamawa, wani ɗalibi a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin da ake kira Linux, ya sake ta ga duniya. Dubban masana da manyan kamfanoni suka sa hannu, kowa na gyara gefen da ya shafe shi. In kuna son misali, aikin gayya ne, ko rijiyar unguwa: kowa ya sa hannu an haƙa, kowa na ɗiba, ba mai zuwa ya sa mata kwado.

Kuma kun daɗe kuna amfani da ita ba ku sani ba. Duk mai wayar Android a aljihunsa, a kan zuciyar Linux take tafiya. Wikipedia ta Hausa da yaranmu ke dubawa, a kan manhajar kyauta aka gina ta. A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da wani nau'in Linux mai sauƙi ya sa masa suna Ubuntu, kalmar Zulu mai nufin mutuntaka. Daga shi aka samo Linux Mint, wanda fuskarsa ta yi kama da abin da muka saba, kuma yana tafiya lafiya lau a kan tsohuwar kwamfuta irin tamu. Don rubuta wasiƙa da jadawalin lissafi akwai LibreOffice, wanda aka fara a 2010, yana buɗe takardun Word da Excel. Don shiga intanet akwai Firefox, don kallon bidiyo akwai VLC. Ga wani abu kuma da ya shafe mu mu Hausawa: haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Sau nawa aka buga mana takardar gayyata aka rubuta kasa a maimakon ƙasa? Akwai salon haruffa na kyauta irin su Charis da Andika, da manhajar Keyman, waɗanda ke fitar da su daidai.

Ba zan ɓoye muku wahalarta ba, don kada gobe a ce na yi muku daɗin baki. Na farko, hannu ya saba da wani abu, sai an yi haƙurin mako biyu ko uku. Na biyu, masu shagon buga takardu da ke aiki da CorelDraw ba za su same shi a can ba. Akwai Inkscape, amma sai an sake koyo, don haka ban ce kowa ya sauya gobe da safe ba. Na uku, wani injin buga takarda yakan yi gardama, sai a gwada kafin a saya. Na huɗu, masu gyaran da suka san ta ba su da yawa a kasuwa. Ko a Turai ba ko'ina abin ya tafi sumul ba. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan dubu 15 kan Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows. A ɗaya ɓangaren kuma, jandarmomin Faransa sun shafe shekaru suna aiki da nau'insu na Ubuntu, kuma a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci kusan dubu 30 kan LibreOffice da Linux. Abin da na fahimta shi ne, inda aka koyar da mutane aka bi a hankali, abin yakan zauna.

Mu kuwa kwamfuta ɗaya gare mu. Ga abin da nake roƙon taron nan ya amince da shi. Na ɗaya, a fara sa LibreOffice a kan kwamfutar ofis yadda take, sakatare da ma'aji su saba da shi wata guda. Na biyu, a kwafe dukkan takardunmu wuri biyu kafin a taɓa komai, sannan a gwada Linux Mint daga filas, don ana iya kunna shi a gani ba tare da an goge abin da ke ciki ba. In ya yi, a girka shi. Na uku, muna da 'ya'ya a Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha da ke karanta ilmin kwamfuta. A zaɓi biyu, mace da namiji, a ba su ɗan abin sayen sabulu, su riƙa koyar da mu ran Asabar bayan la'asar. Na huɗu, kuma shi ne mafi girma a wurina, duk ƙarshen wata uku a buga rajista da lissafi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu, a ajiye a gida biyu dabam-dabam. A dawo da littafin nan baƙi. Zauren WhatsApp ɗinmu yana da amfani, amma shi ma ɗakin haya ne, kuma kun ga yadda aka toshe layukan mutane da yawa a kan batun haɗa lambar NIN tun daga 2022. Wanda layinsa ya tafi, lambobin danginsa na iya tafiya tare da shi.

Iyayenmu da suka zo bakin Binuwai da fatauci da almajiranci sun sami masauki nagari wurin masu gari, amma duk da haka ba su zauna a zauren aro har abada ba. Sun nemi fili sun gina nasu, ko da na jinka ne. Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara. Wayar girke ta tafi ba ta yi mana sallama ba. Wannan karon mu yi shawara tun da sauran lokaci, mu ɗora amanar jama'a a kan abin da ba mai iya karɓewa daga hannunmu.

Na zo da filas guda uku da kwamfutata ta hannu. Bayan an tashi ina nan bakin ƙofa, duk mai son ya gani da idonsa ya matso, har da kai Alhaji. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah ya bar zumunci, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.