Dutsen Zagami da 'Yan Uwansa: Baƙin da Ke Faɗowa daga Samaniya



Ranar 3 ga Oktoba 1962, kaka ta fara shigowa, wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami, lardin Katsina, sai ya ji ƙara kamar aradu ta faɗi, ga shi kuwa ba hadari. Kafin ya ankara wani abu ya doki ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya tona rami ya shige. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kusan kilo 18, jikinsa lulluɓe da baƙin ɓawo mai sheƙi kamar an gasa shi. An kai shi Kaduna wurin masu binciken ma'adinai, ya yi shekaru a ajiye kafin duniya ta gane cewa daga duniyar Mars ya fito.

Yaya dutse zai baro Mars ya iso gonar Bakatsine? Amsar tana wurin ƙananan halittun da ke kewaya rana tare da manyan duniyoyi. Tsakanin Mars da Jupita akwai tarin duwatsu masu yawo, ragowar kayan da ba su haɗu sun zama duniya ba tun shekaru biliyan 4.6 da suka wuce. Babbansu, Ceres, wanda Giuseppe Piazzi ya gano a 1801, faɗinsa ya kai kilomita 940. Wasu kuwa ba su fi rumbu ba. Akwai kuma tauraro mai wutsiya, wanda curin ƙanƙara ne da ƙura, wutsiyar tasa tana fitowa idan ya kusanci rana zafi ya taɓa shi. Dattawan da suka ga na Halley a 1986 za su iya ba da labari, jikoki kuma su jira shi a 2061.

To, ɗaya daga cikin duwatsun nan ne ya afka wa Mars kimanin shekaru miliyan 3 da suka shige, da ƙarfin da ya watsa ɓaraguzai har suka kuɓuce wa jan duniyar. Na Zagami yana cikinsu. Shaidar kuwa tana cikin cikinsa: karon ya narkar da wasu sassa suka daskare kamar gilashi, suka kulle 'yar iska a ciki. Da aka auna iskar, sai ta dace da wadda kumbon Viking na Amurka ya auna a Mars a 1976. A 1996 ma an ɗora wani ɗan ƙanƙanin gutsurensa a kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi ya kewaya mahaifarsa.

Abin da ya faru a Sudan ya cancanci ɗalibai su saurara da kyau. Ranar 6 ga Oktoba 2008, Richard Kowalski ya hango wani ƙaramin dutse ta madubin hangen taurari a Arizona, lissafi ya nuna washegari zai faɗa arewacin Sudan. Haka aka yi. Karon farko ke nan da aka ga irin wannan dutse tun yana hanya. Bayan wata biyu, Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai zuwa hamadar Nubiya. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suna takawa a hankali, ido a ƙasa, suna neman baƙar tsakuwa a kan yashi. Sannu a hankali suka tara gutsattsari kusan 600. Kayan aikinsu ƙafa ne da ido da haƙuri, kuma sunayen ɗaliban sun shiga binciken da aka wallafa.

A Nijar labarin ya sha bamban, kuma yana da ciwo. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadas, mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yuli 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a birnin New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Sahara tana cike da su, domin bushewa tana hana su ruɓewa, baƙinsu kuma yana fita fili a kan farin yashi. Mai tsintuwa sau da yawa bai san abin da ke hannunsa ba. Dillali ya sani.

Nan ne aikin sassan nazarin ƙasa na jami'o'in Zariya da Kano da Yamai ya taso, su koya wa makiyayi da manomi alamomin: ɓawo baƙi siriri, nauyin da ya fi girman dutsen, kuma maganaɗisu yana kama yawancinsu, ko da yake na Mars ba ya kamuwa sosai. Wanda ya tsinta kada ya wanke, kada ya fasa da guduma don neman zinariya. Ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya rubuta rana da wuri, ya sa shi cikin leda mai tsabta, sannan ya nemi jami'a mafi kusa.