Kujerar Amana: Jawabi Kan Zama a Kwamitin Taimakon Masu Ciwon Daji

 

An nemi in yi bayani kan zaman da na yi a kwamitin amintattu na wata ƙaramar ƙungiya mai tallafa wa masu ciwon daji a yankinmu. Da aka kawo mini tayin, na ce ni malamar lissafi ce, ban san allura ba. Aka ce likitoci suna asibiti, mai riƙe littafi ake nema. Na karɓa ina zaton aikin tara kuɗi ne kurum.

Abin da na fara koya shi ne tsawon hanyar da majinyaci ke bi. Mace a Getso ko Garo za ta ji ƙullutu a mama, kunya ta sa ta yi shiru watanni. In ta zo babban asibitin Gwarzo, akan tura ta Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ɗebi ɗan nama a auna. In an tabbatar, ga tiyata, ga allurar kemo da akan maimaita, galibi bayan kowane mako uku. Mai buƙatar gashi da na'ura kuwa, sau da yawa sai ya dangana da Shika a Zariya, ko Sakkwato. Kowane mataki yana cin kuɗin mota, da na abinci, da wurin kwanan mai jinya. Da yawa a tsakiyar hanya guzurinsu ke ƙarewa.

Zan faɗa muku kuskurenmu, domin shi ya koya mini nauyin kujerar. Wata rana abin da ya rage a asusu bai wuce na mutum ɗaya ba, ga takardu biyu a gabanmu. Ɗaya ta 'yar'uwar wani ɗan kwamiti ce, ciwonta ya yi nisa. Ɗayar ta wata baiwar Allah ce daga ƙauye, an gano nata da wuri, ta yi rabin allurarta. Ba mu da rubutacciyar ƙa'ida, ɗan'uwan kuma yana zaune muna kallon juna. Muka yi ta ja har magariba, kunya ta yanke hukunci, muka ba ta gida. Matar ƙauyen ta daina zuwa asibiti. Da muka neme ta bayan damina, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Har yau ban ce 'yar'uwar abokinmu ba ta cancanci taimako ba. Abin da ke damuna shi ne da idon sani muka auna.

Daga ranar muka rubuta ƙa'idoji. Wanda takardar danginsa ke gaban kwamiti zai fita har a gama. Ana karanta bayanin majinyaci da lamba, sunansa na wurin sakatare kaɗai, domin sirrin ciwo amana ne. Kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kowace naira da rasidinta. Wanda muka fara da shi kuma, sai mun ware abin da zai kai shi ƙarshen allura kafin mu ɗauki wani. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ɗora wa amintattun ƙungiya mai rajista da hukumar CAC alhakin miƙa rahoto duk shekara.

Duk wannan, ya 'yan'uwa, aikin malami ne. Mu ne masu rajistar aji, mu muka saba ba ɗan mai unguwa makin da ya ci ba daɗi ba ragi. Muna kuma da wata dama. Tun watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta a Najeriya, Kano na cikin jihohin farko. Allurar tana kariya daga ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma yaran nan su ne ke zaune a gabanmu kullum. Uba yakan saurari malamar 'yarsa fiye da baƙon da ya zo da lasifika.

Roƙona biyu ne. Ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya, kowace makaranta ta gayyaci ma'aikacin lafiya ya zanta da iyaye. Sannan duk wanda aka yi wa tayin kujera a irin wannan kwamiti, kada ya ce bai san magani ba. Babu alawus, kuma Asabar ɗinka za ta tafi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu da ke ciki mun fara gajiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon riƙe amana.