Sirinji Maimakon Cokali: Auna Maganin Ruwa ga Yara a Tambuwal da Kebbe



Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne, duk wanda ya miƙa wa uwa kwalbar maganin ruwa bai haɗa mata da ma'auni ba, bai gama aikinsa ba. A asibiti, idan aka ce cokalin shayi ana nufin mililita 5, babban cokali kuwa 15. Amma cokulan gidajenmu ba don awo aka ƙera su ba: wani bai kai mililita 3 ba, wani ya haura 7. Uwa a Kuchi ko Dogon Daji da aka ce wa "cokali ɗaya sau uku" za ta ɗauki wanda hannunta ya kai gare shi ne. A kasuwa kuwa ba mai yarda a auna masa gero da kowane kwano sai da tiya.

Mu ɗauki farasitamol mai miligiram 120 a kowace mililita 5. Ana ba yaro miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyinsa, don haka jariri mai kilo 5 ya kamata ya sha kamar mililita 2.5, wato miligiram 60. Idan aka cika masa cokali mai ɗaukar mililita 7, ya sha miligiram 168, kusan ninki uku, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin wannan ƙari in aka yi ta maimaitawa. Akwai wani tarkon ma. Amoksilin na zuwa da ƙarfi biyu, 125 da 250 a mililita 5, ga kwalaben sun yi kama. "Cokali ɗaya" daga ta biyun ninkin na farkon ne. Irin wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a 2015 a daina rubuta cokali, a koma mililita kaɗai.

Za a ce ai yawancin iyaye matan karkara ba sa karanta lambobi. Gaskiya ne, amma sirinji ba ya buƙatar karatu. Mai kemis ko ma'aikacin lafiya ya ja layi da biro ko ya liƙa filasta daidai inda baƙar robar za ta tsaya, ya zuƙo maganin a gaban uwar, sannan ya ba ta ita ma ta gwada. Murfin awo da ke zuwa da wasu kwalabe bai kai wannan ba, domin mililita 2.5 a cikinsa da ƙyar take rufe gindi, da dare kuma a hasken tocila sai kintace. Za a kuma ce sirinji na allura ne, yana tsorata mutane. Wanda aka yi don baki ba ya karɓar allura. Inda babu shi, a cire allurar da murfinta a shago kafin a bayar. Na insulin dai kada a kuskura, ma'auninsa daban ne. Amfanin da aka fi mantawa da shi shi ne sirinji na raba mu da ɗura, inda ake kwantar da yaro a toshe masa hanci har ya shaƙe. Da sirinji, ana zaunar da yaron a tsiyaya kaɗan kaɗan ta gefen kunci.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa a bar maganin ruwa, a koma ƙwayar da ke narkewa, irin wadda ake raba wa yara gida gida da damina don rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ina tare da su a kan amoksilin. Sai dai maganin zazzaɓi da na ƙarin jini har gobe a kwalba masu kemis ke sayar da su, don haka sassan lafiya na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su fara da waɗannan shagunan: kowace kwalbar yara ta fita da sirinjinta mai alama.