Gilashin Barlo da sararin samaniyar Gangara

Malamaina, iyayena da ɗaliban da suka zo daga Gazawa da Agye, na gode da kuka ba ni wannan dama.

Kowane madubin hangen nesa yana da tazarar da haske ke bi daga babban gilashi zuwa inda yake taruwa. Girman abin da ido zai gani ya dogara ne ga wannan tazara. A raba ta da tazarar ƙaramin gilashin da ake kafa ido a kai, shi ke nan lissafin. Madubi mai milimita 900 da gilashin ido mai milimita 25 zai ninka abu sau 36.

Akwai wani ɗan bututu, tsawonsa bai wuce yatsa ba sosai, da ake zurawa tsakanin su biyun. Gilashin cikinsa mai rami ne a tsakiya, yana ɗan buɗa hasken kafin ya taru, sai 900 ta koma kamar 1800, 36 ta zama 72. Sunansa Barlo, ya samo shi ne daga Peter Barlow, malamin lissafi a makarantar soja ta Wulwic a Ingila, wanda ya rasu a 1862. Da wannan ninki zoben Zuhal yana rabuwa da jikinsa sarai, ratsin gajimare biyu na Mushtari su fito, ga watanninsa huɗu da Galileo ya gani a 1610 jere a gefe.

To amma ku saurara da kyau, domin nan ne masu talla ke yin shiru. Barlo ba ya ƙara haske ko ƙwaya ɗaya. Tamkar ƙara ruwa ne a fura, ƙwarya ta cika amma geron yana nan yadda yake. In hoto ya ninka biyu, haskensa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, mai ɗaukar hoto kuma sai ya ninka lokacin buɗe kyamara sau huɗu. Faɗin babban gilashi shi ke yanka iyaka: mai milimita 70 ba ya ba da abin kirki sama da ninki 140, kome aka rubuta a kwali.

Saboda haka ba na ba da shawararsa ga masu neman jinjirin watan azumi, su fili mai faɗi suke buƙata. Kaza da 'ya'yanta ma ba ta shiga cikinsa gaba ɗaya. Aikinsa ramukan Wata ne da duniyoyi masu haske. A nan kuwa Allah ya yi mana baiwa, don muna kusa da digiri 13 arewa, duniyoyin nan na bi ta saman kanmu, inda iskar da haskensu zai ratsa ba ta da kauri. Ku nemi dararen ƙarshen damina, kafin hazon hunturu ya sauko. A bazara, zafin da ƙasa ke fitarwa bayan magariba yana sa hoto rawa, Barlo kuma ya ninka rawar.

Mai son hoto ya ɗauki gajeren bidiyo, manhaja irin RegiStax ta tace masa hotuna masu kyau ta haɗa su. Kafin ku biya kuɗin Barlo ku auna bakin madubinku, yawanci inci 1.25 ne. Rana kuwa, don Allah kada yaro ko babba ya juya madubi wajenta ba tare da matatar haske ta musamman ba, ido na ƙonewa nan take.