DAGA NAN ZUWA WATA ZANGO NAWA NE?

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata

  

Maganarmu ta yau kan awo ce. Mu da muka taso a kasuwa mun tarar iyayenmu suna auna ƙyalle da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Igiya da zurfin rijiya da gaba ake aunawa. Tafiya kuwa sai a ce zango kaza. Yau 'ya'yanmu da aka haifa nan kurmi mita da kilomita kaɗai suka sani. To bari mu gwada tsohon awon nan a kan abu mafi nisa, mu ga ko zai ɗauka.

Masana sun ce tsakaninmu da wata akwai wajen kilomita 384,400. Wannan lamba ce kawai, ba ta zama a kai. Amma mu ɗauka kamu ɗaya rabin mita ne. Ka ga wata yana nesa da mu da kamu miliyan 768 da 'yan kai. Dillalan atamfa sai ku lissafa turmi nawa ke nan!

Mu koma ga fatake, kakanninmu da suka riƙa kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja neman goro. A ce ayari yana cin kilomita 25 kafin ya yada zango. Zuwa wata zango 15,376 ne, wato shekara 42 ana tafe ba hutun ko kwana ɗaya. Madugu ya tashi yana saurayi, ya isa da furfura. Zara da muke cewa matar wata, muna ganinta dab da shi, ashe ko lokacin da ta fi matsowa kusa da mu nisanta ya ninka na wata sau ɗari. Rana kuwa kilomita miliyan 150 ce, zango miliyan 6, tafiyar shekara fiye da 16,000. Amma haskenta cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu yake iso mu. Tauraron da ya fi kusa in an cire rana, haskensa ma sai ya shekara huɗu da wani abu a hanya. Nan kam jaki ya gaza. Allahu Akbar!

Wani zai ce, to Alhaji, mene ne amfanin wannan? Jama'a, awon nan bai mutu ba, yana cikin sallarmu. Duk wanda ya karanta Risala a makaranta ya san ba a yin kasaru sai tafiya ta kai baridi 4. Baridi ɗaya farsakhi 4 ne, farsakhi ɗaya mil 3, jimla mil 48. Shi mil ɗin kuma da zira'i aka ƙaddara shi, wato kamunmu dai. Wasu malamai suka ce zira'i 4,000, wasu suka ce 3,500, shi ya sa za ka ji ana cewa kilomita 80, wani ya kai ta kusa da 90. Mai ɗaukar kaya daga Ibadan zuwa Ikko ya wuce wannan iyaka. Wata kuwa, in mun yi da 80, tafiyar kasaru ce sau 4,805.

Sai dai a kula, ba kowane mil ne mil ba. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya tura masana suka auna ƙasa a filin Sinjar. Suka samu daraja ɗaya mil 56 ce da kashi biyu cikin uku, kewayen duniya ya kama mil 20,400, kuma ba su kauce da yawa daga abin da aka sani yau ba. Malam Alfargani ya sa lissafin a littafinsa. Da Kolumbas ya samu wannan lamba, sai ya ɗauka mil ɗin Rumawa ne, wanda bai kai na Larabawa tsawo ba. Duniya ta ƙanƙance masa a takarda. A 1492 ya nufi yamma yana zaton Asiya na kusa. Ba don ya ci karo da ƙasashen Amurka a hanya ba, da guzuri ya ƙare masa a tsakiyar teku.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan tun tuni. Kamun dogo daban, na gajere daban. Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Kafin a yi ciniki sai a san da wane ma'auni ake magana, in ba haka ba a ci haƙƙin wani, kuma mun san gargaɗin da Alƙur'ani ya yi wa masu tauye mudu.

Don haka muna roƙon malaman Islamiyyarmu, idan aka zo babin sallar matafiyi, a tsaya a juya wa yara baridi da farsakhi zuwa kilomita a kan allo. Mu iyaye kuma mu nuna musu kamu da gaba da hannunmu, su ji sunayen da Hausa. Yaron da bai san zango ba, yaya zai gane dalilin da ya sa ake kiran unguwannin Hausawa a Gana da wannan suna?

Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.